Tanko Direba da Yaron Dudu

A takardun makarantar koyon sana'a da ke bakin garin Yelwa an rubuta shi Tanko Sama'ila, direba. A gari kuwa Tanko Direba ake ce masa, ba don babu wasu direbobin ba, sai don shi ya fi daɗewa riƙe da sitiyari ba a taɓa jin ya take ko kaza ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, irin jikin waɗanda suka tashi da tuƙin kwalekwale. Ba shi da yawan magana, kuma ba ya tada mota sai ya zagaye ta ya taɓa kowace taya da ƙafa.

Ba a tudu aka haife shi ba. A gungu aka haife shi, ɗaya daga cikin tsibiran da ke tsakiyar kogin Kwara kafin a datse ruwa a Kainji. Mahaifinsa Sama'ila masunci ne, da rani kuma manomin albasa. Mata uku aka haifa kafin shi, shi ya sa aka ce masa Tanko. Biyu ba su rayu ba, sai babbar, Dudu, wadda ta fara goyonsa tun ita ma ba ta wuce a goya ta ba.

A can gungun ya auri Barira, kuma a can ta haifa masa ɗan fari, namiji, 'yan watanni bayan rasuwar tsohon. Dangi suka ce a mayar da suna, aka sa wa yaro Sama'ila. Nauyi ya zama biyu ke nan a kan Tanko: ga kunyar ɗan fari, ga sunan uba. Bai ɗauki yaron ba, bai yi masa wasa ba, sunan kuwa ko a mafarki bai fito daga bakinsa ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinsu, haka ya ga an yi masa tarbiyya, sai dai shi ya riƙe abin da ƙarfi fiye da tsararrakinsa. Da aka yaye yaron Dudu ta zo ta saɓa shi a kafaɗa ta tafi da shi, da ma Allah bai ba ta haihuwa ba. Daga ranar sunansa a bakin Tanko ya zama yaron Dudu.

Sai ruwa ya taso. Gwamnati ta kwashe mutanen gungu zuwa gidajen da ta gina musu a tudu, aka turo manyan motoci suna jigilar tukwane da tarun kamun kifi da awaki. Tanko ya shiga cikin masu loda kaya, wani direba mutumin Ilori ya ga ƙarfinsa da rashin surutunsa ya ɗauke shi yaron mota. Bai sake komawa ruwa ba. Ya koyi tuƙi, ya yi shekaru yana jan wata akori-kura ta wani ɗan kasuwa, yana kai bandar kifi da albasa Kontagora da Jebba, daga baya ya sami aikin gwamnati. Da ya ɗan tara abin hannu ya sayi fili a Yelwa ya raba biyu, rabi nasa, rabi na Dudu, wadda mijinta ya riga ya rasu. Katanga ɗaya ce tsakaninsu, gajeriya, da ƙofa marar ƙyaure.

Ta wannan ƙofa uba da ɗa suka yi duk maganar da suka taɓa yi, kuma Dudu ce ke ɗauke da ita. Tanko ba ya aiko ta kai tsaye. Sai ya shigo da yamma ya zauna a kan turmi, yana kallon kajinta, ya ce, “Takalman wanga zamani ba su da ƙarko.” Ita kuma ta san ya ga ƙafar yaron a hanya. Washegari sai ga sabon takalmi an ajiye a bakin ɗakinta, ta kira yaron ta ce, “Ungo, ubanka ya ce ƙafarka tana ba shi kunya.” Ko ya ce, “An ce makarantar sana'a ta fi ta boko zalla amfani,” sai ta ce wa yaron, “Ubanka na son ka koyi aikin inji.” Idan labari daga wancan ɓangaren ne, ba ta ma tashi daga inda take. Ranar da sakamakon jarrabawa ya fito ta ɗaga murya ta kan katanga:

“Tanko! Yarona ya ci, ya fi kowa a ajinsu. Kai ko tari ba ka yi?”

Sai aka ji ya yi tari sau biyu daga cikin ɗaki. Dudu ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce wa yaron, “To ka ji, wannan guɗa ce ya yi maka.”

Sama'ila ya gama makaranta, ya sami aiki a wani kamfanin harhaɗa motoci a Kaduna. Kowace Sallah yana zuwa, ya sauka a gidan Dudu, ya shigo ya durƙusa a ƙofar ɗakin Tanko ya yi gaisuwa, Tanko ya amsa yana murɗa rediyo. Sauran hira ta biyo ta ƙofar nan bayan isha'i, a bakin Dudu, da ƙarin gishirinta.

Barira ta rasu. Ƙanwar Sama'ila, Murjanatu, ita ce Tanko ke iya hira da ita ya yi dariya, to mijinta masunci ne, ya ji an ce kifi ya fi yawa a tafkin Chadi, ya kwashe ta suka yi gabas. Tanko ya gwada wani aure, bai yi shekara ba matar ta ce ita ba za ta iya zama da mutumin da sai an yi duba kafin a san yana son tuwo ko fura ba. Ya sallame ta cikin mutunci, ya koma cin abincin Dudu.

Shekarar da aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato aka yi rabon kayan gwamnati, makarantarsu ta sami wata farar bas da ta riga ta ga duniya. Aka goge tsohon suna a jikinta aka rubuta sabo, aka miƙa wa Tanko makulli. Daminar da ta biyo baya Dudu ta kwanta ciwo, kafin a yanke gero ta rasu.

Sama'ila ya zo ta'aziyya. Suka zauna a tabarma ɗaya har aka yi sadakar bakwai, mutane na shigowa suna yi wa kowannensu gaisuwa, su kuwa ko ido ba su haɗa ba. Da zai koma ya durƙusa a ƙofar ɗaki ya ce, “Za a koma.” Tanko ya ce, “To, a sauka lafiya.” Shi ke nan.

Sallah ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, Sama'ila bai zo ba. Babu faɗa tsakaninsu, da ma faɗa ne da an sami mai shiga tsakani. Tanko ya gane abin da ya faru sarai: wurin Dudu yaron ke zuwa, yanzu babu Dudu, kuma babu wanda ya taɓa ce masa wancan ɓangaren katangar ma gidansu ne. Yana ba direbobin Kaduna saƙon kifi, ya ce a kai wa yaron Dudu a kamfanin motoci, su dawo masa da sabulu da ganyen shayi da gaisuwa. Amma bai iya ɗora wa direban haya maganar da ke ransa ba. Sai ya sa aka sauya kwanon ɗakin Dudu da ke yoyo, aka shafa farar ƙasa, ya sayi ɗan rago ya ɗaure a gindin dalbejiyar tsakar gida. Da yamma yakan shiga ya zauna a kan turmin nan, ko da yake kajin ma an raba wa dangi.

Tsakanin Ƙaramar Sallah da Babba, a shekara ta uku ta sabuwar jiha, wani matashin malami mai koyar da aikin inji, Malam Basiru, ya samo izinin kai 'yan ajin ƙarshe Kaduna su ga yadda ake harhaɗa mota. Kamfanin da Sama'ila ke aiki za a je. Da aka gaya wa Tanko ya shirya bas, sai aka lura ya wanke ta har ƙarƙashin kujeru, ya sa an yi masa aski, ya fito da rigar da ba ya sawa sai Juma'a. Abu ɗaya ya ƙudurta a ransa, cewa zai gaya wa yaron ya zo gida da Sallah.

Da sassafe suka ɗau hanya. A bayan kujerarsa ya cusa kwandon bandar kifi ragon ruwa da ya zaɓo da kansa a bakin ruwa, da ƙaramin buhun albasa. Kafin su kai Kontagora rana ta ɗaga, bas ta ɗau ƙamshi.

“Baba Tanko,” in ji wani ɗalibi daga baya, “Kaduna za mu ko kasuwar kifi?”

“Wanda hancinsa ya yi mishi yawa shi sauka shi biyo mu da ƙafa.”

“Amarya za a kai wa, ku ƙyale Baba. Ba ku ga aski ba?”

“Amaryar Kaduna ba ta cin banda, sai kifin gwangwani.”

“Uwarka ma da banda ta yi jegonka, ga shi kanka ya fito kamar na tarwaɗa,” in ji Tanko, bai ɗauke ido daga titi ba.

Mota ta kaure da ihu, Malam Basiru na dariya yana cewa a yi hankali. Bayan Tegina suka faɗa wani rami da ba a iya kauce masa, salansa ya tsage ya rataya. Tanko ya shiga ƙarƙashi ya ɗaure shi da waya, ya kakkaɓe rigar Juma'arsa, suka ci gaba. Daga nan bas ta riƙa ruri kamar injin niƙa, duk wanda zai yi magana sai ya kai baki kunnen ɗan'uwansa. A wata makaranta suka kwana a Kaduna, da hantsi suka isa ƙofar kamfanin.

Mai gadi ya ce ɗalibai da malaminsu su shiga, direba ya jira a wurin ajiye motoci. Tanko ya ja hannun rigar Malam Basiru gefe.

“Malam, ina da mutum a ciki.”

“A nan? Wa ke nan?”

“Yaron da yayata ta riƙa.”

“Mi ne ne sunansa, in tambaya?”

Tanko ya dubi ƙasa. “Sunan tsohona gare shi.”

Malam Basiru ya tuna cikakken sunan direban. “Sama'ila? Baba, ɗanka ne?”

“Na Dudu ne.”

“Na gane,” in ji Malam Basiru, yana danne murmushi. Ya je ya yi magana da jami'in da zai zagaya da su, aka ba Tanko katin baƙi ya rataya a wuya kamar kowa, aka kuma yi alkawarin aika wa Sama'ila ya fito lokacin hutun abinci.

Wurin da aka fara kai su wani dogon zaure ne da kamfanin ke ajiye tsofaffin motoci don tarihi. Kowace an goge ta tana sheƙi, an kewaye ta da jar igiya, an kafa allo a gabanta. Yara suka bazu suna karanta alluna, suna gardamar wadda ta fi gudu. A can ƙurya Tanko ya tarar da akori-kura irin wadda ya ja shekaru, launinta ma ɗaya, sai dai wannan bayanta bai taɓa ganin buhun albasa ba. Ya miƙa hannu zai taɓa murfin inji, ya tuna da igiyar, ya mayar da hannun aljihu.

“Yallaɓai, tana tashi kuwa?” wani ɗalibi ya tambayi jami'in.

“Lafiyarta lau. Lokaci-lokaci ana tada ta don kada injin ya kwanta, a bar ta ta yi ɗumi, a kashe.”

“Ba ta zuwa ko'ina?”

“Ina za ta je? Ai ta gama nata.”

Yara suka yi gaba. Tanko ya daɗe a gaban motar, sai da Malam Basiru ya dawo ya kira shi.

Daga nan aka shiga inda ake aikin. Tanko bai taɓa ganin rufi mai tsawo haka ba. Gangunan motoci marasa taya suna tafe a rataye a sama, a hankali, ɗaya bayan ɗaya, mutane cikin shuɗin kaya suna tsaye a layi, kowa da abu ɗaya da yake ɗaurawa. An ja rawayan fenti a ƙasa, aka ce baƙi kada su tsallake shi. Ƙarar wurin ta fi ta bas ɗinsa. Jami'in na ta bayani da ƙarfi, yara na rubutawa, shi kuwa Tanko fuskoki yake bi.

Ta baya ya gane shi. Wani ma'aikaci a wurin sa ƙofofi ya ɗaga kafaɗa ya share gumin wuyansa da ita, hannayensa biyu na riƙe da ƙofa, daidai yadda tsohon Sama'ila ke yi idan yana jan taru. Ya yi ƙiba kaɗan, ya tara gemu. Da motar gabansa ta wuce ya juyo yana jiran ta gaba, idonsa ya faɗa kan ayarin ɗalibai, ya faɗa kan gajeren mutumin da ke bayansu da kati a wuya. Nan take ya sunkuyar da kai. Tanko ma ya juya ya ƙura wa wani tarin tayoyi ido, kamar su ya zo gani daga Yelwa. Sai da ayarin ya yi nisa ya saci kallo sau ɗaya, ya ga ƙofar ta zauna daram, yaron ya rufe ta ya buɗe ya sake rufewa, ya shafa gefenta da tafin hannu. Da Dudu na nan da ya yi tari.

Lokacin hutu aka kai ɗalibai ɗakin cin abinci. Tanko ya ce shi ya ƙoshi, ya koma gindin bas, ya fito da kwando da buhu ya jera a inuwa. Can sai ga Malam Basiru tafe da Sama'ila. Yaron ya cire hular aiki tun daga nesa, ya zo ya durƙusa a kan kwalta mai zafi.

“Sannunku da hanya. An zo lafiya?”

“Lafiya lau,” in ji Tanko, yana duban madubin mota. Ya juya ga malamin. “Malam, tambaye shi ya aiki.”

Malam Basiru ya dubi wannan, ya dubi wancan, tsakaninsu bai fi a miƙa hannu ba. Ya so ya yi dariya, ya ga babu mai wasa a cikinsu, ya gyara tsayuwa.

“Baba ya ce ya aiki?”

“Da godiya. Malam, a tambaya min ya ciwon bayan nan.”

“Ce mishi da sauƙi. Ce mishi ya tashi, ƙasa da zafi.”

Sama'ila ya miƙe, ya tsaya yana murza hula. Tun daga Yelwa Tanko yake juya yadda zai ɗauko zancen, ya ɗauko shi ta hanyar da ya saba.

“Ce mishi an gyara ɗakin Dudu. An sa sabon kwano, an yi shafe.”

“Ya ce an gyara ɗakin Dudu, an sa kwano.”

“Madalla, Allah shi jiƙanta,” in ji Sama'ila. “Haya za a ba da shi?”

Tanko ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. “Ce mishi a'a.”

“Ya ce a'a.”

“To.”

Ya sake gwadawa. “Ce mishi akwai rago a gida. Ya yi ƙiba, mutum ɗaya ba ya cinye shi.”

“Baba ya ce yana da rago mai ƙiba.”

“Allah shi sa albarka, shi karɓi ibada.”

Malam Basiru ya isar da saƙo yadda aka ba shi, bai rage komai mai yawa ba, bai ƙara ba. Dudu kuwa da tuni ta ce, kai wawa, ubanka na cewa ka taho gida ka ci nama. Tanko ya gane a lokacin cewa yaron bai taɓa jin maganarsa ɗanya ba, kullum sai Dudu ta dafa ta take kai masa. Yana neman wata hanyar ke nan wani ɗalibi ya rugo ya ce jami'i na neman Malam zai yi wa yara jawabin sallama. Malam Basiru ya ce yana zuwa yanzu, ya tafi.

Suka rage su biyu. Wata babbar mota ta wuce ɗauke da sababbin motoci a bayanta, dukansu suka bi ta da kallo har ta fita ƙofa. Sama'ila ya ɗaga ganyen da aka rufe kwando da shi, ya ga kifin, ya mayar. Ya zagaya bayan bas, ya tsuguna ya leƙa.

“Salansan ga ya tsage,” ya faɗa, yana fuskantar motar.

“Ramin bayan Tegina ne,” in ji Tanko, shi ma motar yake kallo.

Sama'ila ya zaro filaya daga aljihu, ya kwanta a ƙasa da kayan aikinsa, ya ƙara murɗe wayar, ya girgiza ya ji ta kama. Tanko na tsaye yana kallon ƙafafunsa da suka fito daga ƙarƙashin mota, cikin baƙin takalmin aiki mai kauri. A haka, da ba a ganin fuska, ya ji kamar zai iya. Ya buɗe baki. Sai jiniyar komawa aiki ta ɗauka, kuma ga ɗalibai sun fito suna hayaniya, kowa da 'yar takarda mai hoton mota a hannu.

Suka cika bas. Malam Basiru ya ƙirga su, ya zauna a kujerar gaba. Tanko ya zagaya ya taɓa tayoyi, ya hau, ya murɗa makulli, ruri ya cika wurin. Sama'ila na tsaye a gefen tagar direba, kwando a hannu ɗaya, buhu jingine da ƙafarsa, ya makara amma bai tafi ba. Tanko ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya dubi tsakiyarsa, ya ce:

“Ka taho da Sallah.”

Tun da aka haifi yaron bai taɓa ce masa “ka” ba sai ranar. Muryar ba ta fita da ƙarfi ba. Ta gefen ido ya ga Sama'ila ya gyaɗa kai ya ɗaga hannu, amma yara ma suna ta ɗaga masa hannu ta tagogi suna cewa sai wata rana. Mai gadi ya buɗe ƙofa yana yi masa alamar ya wuce. Ya saki kuloci.

Suka wuce Birnin Gwari. Da suka tsaya salla a Kontagora ya kashe mota, kunnuwa suka huta, ya sami Malam Basiru yana alwala.

“Malam, da za mu fito daga kamfanin nan, ka ji na ce wani abu?”

“Wallahi Baba ko tunanina ba na ji a motar nan. Mi ka ce?”

“Ba komi.”

Malam Basiru ya dube shi da kyau, ya ajiye buta. “In akwai saƙon da ya rage, ai sai in rubuta mishi. Ba wuya.”

“A'a. Na riga na faɗa.”

Tanko ya yi lissafin abin a ransa, kuma bai sauya ba har yau. Malamin na zaune a damansa, ga yara na ihu a bayansa, shi kuwa yaron a bakin taga yake, ta yiwu ya ji. In ya ji, maimaitawa roƙo ne, uba kuwa ba ya roƙon ɗan fari. In bai ji ba, to yaron ba shi da laifi.

Ana gobe Sallah ya share ɗakin Dudu, ya shimfiɗa sabuwar tabarma, ya cika randa. Ya tafi tasha ya zauna a bencin mai shayi, inda motocin Kaduna ke sauke fasinja, har aka kira magariba. Washegari ya yanka ragonsa, matar maƙwabci ta soya masa, ya ɗebi cinya guda ya ba direban Kaduna. Bayan mako ɗaya saƙo ya dawo: yadin shadda fari, da gaisuwa, da cewa an gode, nama ya yi daɗi.

Shekarar da ta biyo baya makaranta ba ta sami zuwa Kaduna ba, madatsar ruwa ta Kainji aka kai yara suka ga injinan wuta. Tanko ne ya kai su, ya jira a mota. Bayan 'yan shekaru bas ɗin ta kwanta gaba ɗaya, aka jingine ta bayan ɗakin gwaji, shi ma lokacin ajiye aikinsa ya yi. Yana nan a gidansa na Yelwa, saƙon kifi na tafiya, na shayi na dawowa. Duk jajibirin Sallah, ƙarama da babba, ana ganinsa a bencin mai shayin nan da rigarsa ta Juma'a. 'Yan kamasho sun san shi, suna gaishe shi da girmamawa, a wurinsa da yawansu suka fara jin yadda ake sauya giya.

Wani sabo a cikinsu, da ya ga tsoho ya wuni yana leƙa kowace mota da ta tsaya, ya matso ya ce, “Baba, wani kake jira? Faɗa min sunansa, in ya sauka in kawo maka shi.”

“A'a,” in ji Tanko. “Motoci nake kallo.”